Me Ya Karya Darajar 'Yan Hasumiyoyin Ado A Amurka?

Tambayar da ke ta yawo a gidaje da yawa a Amurka 'yan shekarun nan ita ce, ta yaya kayan da iyaye suka shafe shekara ashirin suna tarawa, suna goge musu ƙura, suna adana kwalinsu da takardar shaidarsu, yau za a fitar da su kasuwa a rasa mai taya ko da rabin kuɗin da aka saye su? Kayan da ake magana a kai su ne 'yan ƙananan hasumiyoyin fitila na ado, irin waɗanda ake jerawa a kabad ɗin gilas a falo. A shekarun 1990 mutane layi suke yi a kansu, wasu har ana ba su ninki biyar ninki goma na kuɗinsu suna cewa albarka. Yau kuwa ka leƙa eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, za ka gan su birjik, da yawa dala 10, dala 20, dala 30, wasu ma a haɗa biyar ko goma a kwali ɗaya a sa musu kuɗin guda ɗaya na da.

Mutane biyu ne suka fi yawa in ana wannan magana. Akwai masu cewa ai kasuwa ce kawai ta yi sanyi, a yi haƙuri za ta dawo, akwai kuma masu cewa dama can damfara ce kamfanoni suka shirya wa tsofaffi. Ni dai a ganina duka biyun ba su kama bakin zaren ba, kuma abin ya cancanci a zauna a warware shi, domin mutanen da abin ya faɗa wa ba wawaye ba ne, ma'aikata ne da 'yan fansho da suka zuba kuɗin guminsu a abin da suke ƙauna.

Wai mene ne ma kayan nan?

Hasumiyar fitila dogon gini ne da ake yi a bakin teku ko kan tsibiri ko gaɓar babban tafki, a sa mata fitila mai ƙarfi a can ƙololuwa tana juyawa ko tana ƙiftawa da dare, don matuƙan jirgin ruwa su san inda duwatsu suke da inda mashigar tasha take. Wanda ya taɓa zuwa unguwar Jamestown a Akara ya ga guda ɗaya mai fentin ja da fari. Amurka kuwa tana da su ɗaruruwa. Ta farko an kunna ta a Boston a 1716, akwai ta Portland Head a jihar Maine da ta fara aiki a 1791, sai kuma wadda ta fi kowace suna, ta Cape Hatteras a jihar North Carolina, ginin tubali na 1870 mai tsayin kusan mita 60 da fentin baƙi da fari a murɗe. Jihar Michigan ma da ba ta taɓa teku ba ita ta fi kowace jiha yawansu saboda manyan tafkunan da suka kewaye ta.

Da, kowace hasumiya da mai tsaronta, shi da iyalinsa suna zaune a wurin, yana hawa sama yana zuba mai yana goge gilas. Sannu a hankali na'ura ta karɓe aikin, GPS ya zo ya ƙara rage buƙatar fitilar kanta, mai tsaro ta ƙarshe da ta rage a ƙasar, Sally Snowman ta hasumiyar Boston, ta ajiye aiki a ƙarshen 2023. To lokacin da aikin ke mutuwa ne kuma kewar abin ta kama mutane. Aka kafa ƙungiyar United States Lighthouse Society a 1984, gidan waya ya fitar da kan sarki mai hoton hasumiyoyi a 1990, mata da miji da suka yi ritaya suka riƙa ɗaukar mota suna bin gaɓar teku suna ziyartarsu ɗaya bayan ɗaya.

Cikin wannan yanayi ne wani mutum mai suna Bill Younger ya kafa kamfanin Harbour Lights a California a 1991, ya fara da samfur 17. Kowanne ɗan ƙaramin kwafi ne na hasumiya ta gaske, da gidan mai tsaro da duwatsu da 'yan itatuwa, wasu tsawon tafin hannu wasu sun ɗan fi, ana zuba su da wani irin ƙaro da ake kira rezin sannan a yi musu fenti da hannu. Gaskiya kayan suna da kyau, ba a raina aikin ba. Wasu kamfanoni kamar Lefton da Danbury Mint su ma sun yi nasu, amma Harbour Lights ne ya fi jan masu tarawa na gaske.

Yadda aka yi farashin ya hau

Dabaru uku ne suka riƙe wannan kasuwa, kuma sai an gane su za a gane faɗuwar.

Na farko ƙayyade adadi. Kamfani zai ce wannan samfurin guda 5,500 kacal za mu yi, kowanne da lambarsa a ƙasa da takardar shaida. Mai lamba 212 yana jin ya fi mai lamba 4,800. Na biyu abin da suke kira yi wa samfur ritaya, wato in adadin ya cika ko kamfani ya ga dama sai a daina yinsa, wanda bai samu ba sai dai ya nema a hannun wanda ya riga shi. Nan ne kasuwar sake sayarwa ta samo asali, da dillalanta da 'yan jaridunta da littattafan farashi da ake bugawa duk shekara. Na uku ƙungiyar masu tarawa, ka biya kuɗin shekara a ba ka wani samfur da ba a sayar wa kowa sai ɗan ƙungiya, a riƙa aiko maka da labarin wanda aka kusa yi wa ritaya don ka yi maza.

Sai kuma labari ɗaya da ya hura wutar gaba ɗaya. Samfurin farko na Cape Hatteras da Harbour Lights ya yi, an dakatar da shi bayan guda 266 kawai aka sake sassaƙa wani, to waɗannan 266 ɗin suka zama abin nema ruwa a jallo har farashinsu ya kai dubban daloli. Labarin gaskiya ne, amma illar da ya yi ita ce kowa ya ɗauka nasa ma haka zai zama, mutum zai sayi samfurin da aka yi guda dubu tara da ɗari biyar yana hango ribar wanda aka yi guda 266. Wasu suka fara sayen biyu biyu, ɗaya a jera ɗaya a bar shi a kwali ko buɗewa ba a yi ba, wai na jari.

Kuma fa ba hasumiyoyi kaɗai ba ne, zamanin ne gaba ɗaya. Faranti na ado na Bradford Exchange, 'yan gidaje na Department 56 da na Lilliput Lane a Ingila, 'yan tsanan tangaran na Hummel daga Jamus, sai uwa uba 'yan tsanan dabbobi masu laushi da ake kira Beanie Babies na ɗan kasuwa Ty Warner da suka haukata Amurka a ƙarshen shekarun 1990. Duk salo ɗaya ne, a ƙayyade, a yi ritaya, a buga littafin farashi.

Matsalar da ba a lura da ita ba a lokacin ita ce, da kasuwa ta buɗe sai kamfanoni suka ƙara adadi, daga 5,500 aka koma 9,500 da 10,000, aka ƙara yawan sababbin samfura duk shekara, aka mayar da aikin masana'antun Asiya inda za a iya zuba dubbai cikin sauƙi. Kamfani yana da gaskiyarsa, mutane na nema shi kuma yana yi. Amma abin da aka yi guda dubu goma, kuma duk wanda ya saya ya lallaɓa shi a kabad, babu wanda ya fasa babu wanda ya jefar, wannan ba zai taɓa yin ƙaranci ba. Tsofaffin kayan tarihi suna tsada ne saboda mutanen wancan zamanin ba su ɗauke su a bakin komai ba, suka yi amfani da su suka lalace, 'yan kaɗan suka tsira. Wanda aka ƙera tun farko don a adana shi kuwa, bayan shekara talatin kusan dukansu suna nan garau.

Da eBay ya zo

Kafin intanet, in kana zaune a wani ƙaramin gari a Ohio kana neman samfurin da aka yi wa ritaya, shago ɗaya ko biyu ka sani, sai dillali ɗaya da za ka buga wa waya. In ya ce maka guda ɗaya ya rage a hannunsa, ba ka da hanyar sanin cewa akwai ɗari uku a kwance a gidajen mutane a wasu jihohin. Ƙarancin da mutane ke gani a lokacin rabinsa ƙarancin labari ne.

An kafa eBay a 1995. Da farko ma ƙara wa kasuwar wuta ya yi, don mai saye daga ko'ina yana iya shiga gwanjo. Amma da kowa ya iya, sai duk mai kaya ya fito da nasa, mai neman hasumiyar Portland Head ya buga suna ya ga talatin a jere kowa na ƙoƙarin yin ƙasa da na kusa da shi. Daga nan dillali ya rasa bakin magana, littafin farashi kuma ya zama takarda kawai, domin dama can alƙaluman da ke ciki galibi abin da dillalai ke nema ne, ko ƙimar da ake rubutawa don inshora, ba abin da aka ƙirga aka miƙa ba. Har yau wannan ruɗanin na nan, mutum zai ga wani ya sa irin nasa dala 200 a eBay ya ce ashe ina da dukiya, bai san wancan ɗin ya shekara biyu yana kwantai ba. Farashin gaskiya yana wurin jerin waɗanda aka riga aka sayar.

Sai 2008 ta zo da rikicin tattalin arziki, mutane na rasa gidaje da aiki, wa yake ta kayan kabad. Enesco, ɗaya daga manyan kamfanonin wannan harka, ya riga ya shiga kotun fatara tun farkon 2007, kamfanin da ya mallaki Department 56 ya bi sahu a 2008, a shekarar ne kuma kamfanin Goebel na Jamus ya daina yin 'yan tsanan Hummel da kansa. Masana'antar Lilliput Lane ta rufe a 2016. Shi ma Harbour Lights iyalan Younger sun sayar da shi. Ƙananan shagunan kayan kyauta da su ne ke tara masu saye, suna shirya musu taro ana zuwa ana sa hannu a kan kaya, suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuma in babu sabon samfur da ake jira babu taron da za a je, to sabon mutum ta ina zai shigo.

Masu saye sun tsufa tare

Wannan shi ne babban dalili, sauran duk rassa ne, kuma shi ya sa nake ganin masu jiran kasuwa ta dawo za su daɗe suna jira.

Waɗanda suka riƙe wannan kasuwa a 1995 mutane ne 'yan shekara hamsin, sittin, 'ya'ya sun tashi, akwai ɗan rarar kuɗi, akwai babban gida mai falo da ɗakin cin abinci da kabad. Ƙara shekara talatin a kai. Wasu sun rasu, wasu sun sayar da babban gida sun koma ƙarami, wasu suna gidan kula da tsofaffi inda ɗaki ɗaya ne rabonsu. Wato mutanen da a da su ne masu saye, yanzu gaba ɗayansu a lokaci guda sun koma masu sayarwa, kuma ba ɗaya ɗaya suke fitarwa ba, mutum ɗaya in ya tashi sai ya juye guda ɗari ko ɗari biyu. Duk wata akwai sabon gidan da ake kwashewa, kaya na ƙaruwa, masu nema na raguwa.

'Ya'yansu da jikokinsu kuwa rayuwarsu daban. Da yawa haya suke a ɗaki biyu, suna tashi daga gari zuwa gari saboda aiki, ga bashin makaranta a wuya, ba su da kabad ɗin gilas kuma ba sa so. Ba wai ba sa tara komai ba ne, suna tarawa, amma abin ƙuruciyarsu suke tarawa, katin Pokémon, tsofaffin kaset ɗin wasan bidiyo, takalma, Lego. Kowane zamani abin da ya taso da shi yake kewa. Yarinyar da ba ta taɓa bin gaɓar Maine a mota da mijinta bayan ritaya ba, in ta kalli ɗan ginin nan rezin take gani da fenti, uwarta kuwa tafiyar take gani.

Duk wanda ya taso a gidan Hausa ya san irin wannan. Akwai lokacin da jeren kwanuka a ɗakin amarya, langa da samira da tasoshi tun daga ƙasa har rufi, shi ne dukiyar mace, in ta shiga matsi ta zare saiti ɗaya ta ba dillaliya. Kwanukan ba su lalace ba, har yau wasu na nan a ɗakin kakanni suna sheƙi, amarensu ne suka daina so, daga ranar kuma darajar ta tafi.

Kwali da kuɗin aike

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ke ƙara danne farashin. Kayan nan suna da nauyi kuma ba sa son wahala, ɗan tsinin da ke saman hasumiyar ko shingen gidan da ya ɗan bugu ya karye, shi ya sa wanda ba shi da kwalinsa na asali da soson da ke ciki darajarsa take ƙara yin ƙasa. Kuɗin aikewa daga jiha zuwa jiha kan kai kuɗin kayan ko ya fi, eBay kuma zai cire la'adarsa sama da kashi 10 cikin 100. Mai saye lissafin jimla yake yi, saboda haka duk abin da gidan waya ya ci daga aljihun mai sayarwa yake fita. Wani in ya lissafa ɗaukar hoto da naɗewa da zuwa gidan waya a kan ribar dala biyar, sai ya kwashe duka ya kai shagon sadaka.

To laifin waye?

Masu zargin kamfanoni suna da hujja. Ko da ba a rubuta ƙarara cewa saya za ka ci riba ba, duk tsarin lamba da takardar shaida da sanarwar ritaya an gina shi ne don mutum ya ji kamar hannun jari ya saya, kuma da aka ga ana rububi ba a tsaya a adadin farko ba. Dillalai da masu buga littafin farashi su ma cinikinsu ya dogara ne da a ci gaba da jin cewa kaya na hawa. Ban ga yadda za a wanke su tas ba.

Amma kalmar damfara ta yi nauyi. An ce za a ba ka hasumiya mai lamba kaza cikin adadi kaza, an ba ka, kayan kuma masu inganci ne. Mutanen Harbour Lights da gaske suna son hasumiyoyi, kuma harkar ta taimaka wajen sa jama'a su damu da gine-ginen na gaske. A 1999 aka ɗaga hasumiyar Cape Hatteras ɗungurungum aka ja ta kusan mita 880 don teku na cin gaɓar, a 2000 majalisa ta yi dokar da ta ba gwamnati damar miƙa tsofaffin hasumiyoyi kyauta ga ƙungiyoyi da ƙananan hukumomin da za su kula da su. Irin mutanen da ke sayen 'yan ƙananan nan su ne ke ba da gudummawa da aikin sa kai a waɗannan wurare.

Akwai kuma ɓangare na uku, masu tarawar da ke cewa mu dama ba don riba muka saya ba, kowace ɗaya tana tuna mana inda muka je da wanda muka je tare. Waɗannan ba su yi asarar komai ba, kuma yanzu ma lokacinsu ne, samfurin da suka kasa saya a 1997 saboda tsada yau suna ɗaukarsa da kuɗin abincin rana. Waɗanda nake tausaya wa su ne na tsakiya, waɗanda suka fara da so sannan lissafin riba ya shige su, suka cika ɗaki da kwalaye ba a buɗe ba, suka riƙa gaya wa 'ya'ya cewa wannan gadonku ne.

Abin da ke faruwa a gidaje yanzu

Yawanci bayan rasuwa ne maganar ke tashi. 'Ya'ya su zo kwashe gida, su tarar da littafin da uwa ta rubuta kowane samfur da lambarsa da ƙimarsa da hannunta, jimla ta kai dubban daloli, su kira masu sayar da kayan gado, a zo a duba a ce duka kabad ɗin 'yan ɗaruruwa ne, wani ma ya ce ba zai ɗauka ba. Nan rigima kan tashi tsakanin 'yan uwa, wani ya ce an cuce su, wani ya zargi ɗan uwansa da sayarwa a wulaƙance, ga kuma nauyin zuciya na ganin abin da mahaifiya ta ƙaunata ana yi masa tayin raini. Wannan ciwon ya fi na kuɗin, kuma da iyaye za su zauna da 'ya'yansu tun suna raye a duba farashin yau tare, kowa ya zaɓi ɗaya ko biyu da yake so, da an rage shi sosai.

Ba duka ne suka faɗi daidai ba, shi ya sa bai kamata a juye su a kwali ɗaya ba tare da an duba ba. Waɗanda aka yi 'yan kaɗan da gaske, irin Cape Hatteras na farko, da na shekarun farko masu ƙananan lambobi, da waɗanda aka yi kuskure a jikinsu aka janye, har yanzu suna da masu nema ko da ba a farashin da ba. Wurin sayarwa ma yana da tasiri, hasumiyar Michigan ta fi samun mai so a garuruwan bakin tafkin Michigan, inda mutum ke ganin ta gasken daga tagarsa, kuma a can hannu da hannu za a yi babu kuɗin aike.

Za ta dawo? Yana yiwuwa wata rana in an zubar da da yawa, ragowar su yi ƙaranci, wasu matasa su waiwayo su a matsayin kayan zamanin kakanni, ana ganin irin haka da wasu tsofaffin kayan kicin. Amma wannan maganar shekaru masu yawa ce, kuma ko ta faru samfura kaɗan za ta ɗaga, wanda aka yi guda dubu goma zai daɗe a ƙasa. Wanda ke biyan kuɗin hayar sito duk wata don ajiye su yana jiran wannan rana, cikin shekara ɗaya ko biyu kuɗin siton zai haura darajar kayan. Shi ya sa iyalai da dama yanzu suke ɗaukar 'yan kaɗan su raba wa jikoki, sauran su kai wa ƙungiyoyin da ke kula da hasumiyoyin gaske, su kuma su sayar wa masu ziyara a ɗan shagonsu a sa kuɗin a fenti da gyaran rufi.